Ƙurajen da Suka Hana Hamdiya Zuwa Suna

Rijiyar Amiru, arewa da Azagor
9 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da mai gida da yara da Gwaggo Ladidi. Agali direba ya kawo mani albishir ranar kasuwa cewa kin sauka lahiya, an samu ɗiya mace. Barka da arziki. Allah ya raya ta, ya ba ki lahiyar shayarwa. Na so in kira ki, amma kin san nan babu rezon waya sai mutum ya yi tahiyar awa guda ya hau tudu, kuma abin da ke bakina ba ni iya faɗin shi da murya.

Yaya, ba ni zuwa suna.

Na san nauyin wannan magana. Tun da Inna ta rasu kika ɗauke ni ina shekara tara, ke da kike ɗiyar yayarta kawai, ba a taɓa ɗora tukunyar taro a gidanki ba ni nan ba. Ki yi mani ahuwa. Wani abu ne ya same ni tun wajen watan Oktoba, ƴan kwanaki bayan na kama aikin koyarwa a lakwal ɗin nan. Da farko na ɗauka zai wuce da kanshi. Bai wuce ba, kullum ƙaruwa yake, yanzu duk wanda ya dube ni sau ɗaya ya gani. Ba ni hita sai na lulluɓe. Barci ya ƙaurace mani, abinci ba ya shiga. In na tuna matan gidan suna, yadda za su dube ni su dubi juna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma na san da laihina a ciki, shi ya hi ci mani rai.

Matar direktan lakwal ta kawo mani wani magani daga kasuwa. Ta ce cikin sati biyu yana kawar da shi, ko alama ba a gani. In sha Allahu zan gwada. In ya yi, sai in zo in ga ɗiyata daga baya.

Don Allah kada ki gaya ma kowa. Ki ce aiki ne ya riƙe ni. Ga cuku nan da hular da na saƙa ma jaririya, na ba Agali.

Ƙanwarki,
Hamdiya


Dakoro
13 ga Janairu

Zuwa ga ƙanwata Hamdiya,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, jiki da sauƙi, ruwan zahi ne kawai ke ba ni wuya. Jiya aka yi suna, yarinya ta ci sunan Kausar. Hularki ta yi mata daidai. Mata sun yi ta tambayarki, na ce aiki.

Hamdiya, takardarki ta iso mani ana gobe suna. Na shiga ɗaki na karanta ta sau uku, na hito ina murmushi ga mutane. Na gane abin da kike nuhi, ba sai kin kira sunan shi ba. Ba ni yi maki faɗa. Ni na bari aka tura ki daji ke kaɗai da shekara ashirin da ɗaya, ina ta alfahari a gari wai ƙanwata ta zama malamar lakwal.

Abu ɗaya nike roƙonki, don darajar Inna da ke cikin ƙasa. Wannan magani, kada ya shiga jikinki. Ki zubar da shi. Na ga matan da irin shi ya kai kabari, na ga waɗanda suka rayu ba su ƙara samun lahiya ba. Abin da ke jikinki rai ne, ki bar shi.

Ga abin da na yanke. Da na gama wanka zan taho. Zan ɗauke ki mu tahi wajen ƙawata a Maradi har ki sauka. Abin da aka samu nawa ne. Ina da nono, in shayar da su biyu, in ce ma duniya maraya ne aka ba ni riƙo. Mai gida bai sani ba tukuna, amma na san yadda zan yi da shi. Ba ni tambayarki ko wane ne, sai ranar da kika so faɗi.

Ki rubuto mani wata nawa ne, kuma ki tabbatar mani kin zubar da maganin. Ki ba Agali amsa a wannan zuwan.

Yayarki,
Mansura


Dakoro
3 ga Fabrairu

Hamdiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yara lahiya, Kausar tana ta girma. Ni ce dai ba lahiya ba, don sati uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Kullum sai na aika tasha, a ce motar Agali ba ta shigo ba. Lambarki ba ta shiga. Wannan takarda wani mai kai gero wajenku na ba, ban san ko za ta iso ba.

Dole in gaya maki abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Da sati na biyu ya cika shiru, sai zuciyata ta raya mani kin sha maganin, kina can kwance ba mai duba ki. Gwaggo Ladidi ce ke yi mani wanka. Ta ga ina kuka, ta matsa mani, na gaya mata. Na sa ta rantse. Ita kuma tsoro ya kama ta, ta je wajen Kawu Attaher don ya nemi wanda zai zo duba ki. Matarshi tana bayan ƙofa, ta ji komi.

Shekaranjiya maƙwabciyarmu ta shigo wai ganin jaririya. Tana riƙe da Kausar ta ce mani, «Allah ya ruha asiri, haka aikin daji yake.» Nan na gane maganar ta shiga gari.

Kawu ya ce in bai ji komi ba nan da kasuwa biyu, zai zo da kanshi ya kwaso ki da kayanki, aikin lakwal kuma ya ƙare. Bai yi zagi ba, amma kwana uku ke nan bai zauna a dakalin ƙofar gidanshi ba.

Kin ce kada in gaya ma kowa, na gaya. Ki yi hushi da ni yadda kike so, amma ki rubuto ko layi ɗaya in san kina da rai.

Mansura


Rijiyar Amiru
8 ga Fabrairu

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina da rai, ina lahiya. Ina gaida kowa.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso mani. Motar Agali ta lalace a Roumbou, ya yi sati uku yana jiran ƙarhen da za a kawo mashi daga Maradi, takardarki ta farko tana cikin aljihun motar. Na karanta su a tsaye bayan aji. Sai da na kai tsakiyar ta farko na gane abin da kike zato.

Yaya, ƙuraje ne. Ƙuraje ne a huskata. Ba ni da ciki, ban taɓa sanin namiji ba. Ke kika rene ni. Da wani ya zo ya gaya maki wannan magana a kaina, na ɗauka ke ce ta farko da za ki kore shi daga gidanki.

Na so in tsaya nan in ba Agali takardar haka. Amma na tuno abin da na rubuta maki, na ga ni na buɗe ƙofar. Na ji kunyar rubuta kalma ɗaya, ga inda ta kai mu. To yau zan faɗi duka.

Ba irin ƙurajen da na yi ina koleji ba ne. Waɗannan manya ne, masu zurhi, a kumatu da haɓa har wuya, suna zahi ko ban taɓa su ba. Na matse su, na shafa lemun tsami, na shafa man goge baki, na bar cin gyaɗa da mai, na riƙa wanke huska sau shida a yini da sabulun wanki. Maganin matar direkta na shafawa ne, ba na sha ba. Sati na farko huskar ta lafa har ta yi haske, na yi murna. Yanzu sun dawo sun hi da, fatar ta yi ja tana ƙuna. Da ƙyalle nike ruhe hanci da baki in shiga aji.

Laihin da na ce ina da shi kuma, ga shi. Duk abin da nike gaya maku a waya in na hau tudu, wai aiki lahiya, yara na so na, ƙarya ne. Yara saba'in da huɗu aka ba ni, ƴan shekarar farko. Mahi yawansu Tamashek suke ji ko Hillanci, ni kuma ba ni jin ko ɗaya. Ina magana suna kallona kamar rediyo. A watan Nuwamba konseye ya zo, wanda ke zagayawa yana duba aikin malamai. Ya tada yara goma su karanta harahin da ke tablo, allon bangon aji, ba wanda ya iya. Ya tambaye ni a gabansu ko da gaske na yi makarantar koyon malanta.

Washegari na tambayi wata yarinya, Tekna, abu ɗaya sau uku. Ta yi shiru tana dubana. Na ɗauki rigil, katakon ja layi, na buga mata a hannu da ƙarhina, har ya sauka a kan yatsu suka kumbura. Shekararta shida. Ba taurin kai ba ne, ba ta san mi nike cewa ba. Ba ta ƙara dawowa lakwal ba.

Bayan kwana biyu uwarta ta zo. Na hito na shirya ma zagi. Sai ta miƙo mani ƙwaryar nono, ta nuna huskata, ta yi magana mai tsawo. Wani ya fassara mani: wai ta ji malama ba ta da lahiya, shi ya sa hannunta ya yi zahi, in sha nono in samu sauƙi. Yaya, da ta mare ni da ya hi mani. Tun ranar nike ganin ƙurajen nan hukunci ne, Allah ya rubuta abin da na yi a inda kowa zai karanta.

Wannan ne abin da na ɓoye. Ki kai ma Kawu takardar nan ya karanta da idonshi. In ya ce in bar aikin don ban iya ba, ba ni musu. Amma ba don wancan ba.

Hamdiya


Dakoro
12 ga Fabrairu

Ƙanwata Hamdiya,

Assalamu alaikum. Muna lahiya. Ban san ta inda zan fara ba, na yaga takarda biyu kahin wannan.

Da na karanta taki na yi hamdala. Kin yi gaskiya. Ni ya kamata in zama ta farko da za ta ce ƙarya ne, sai ga shi a kaina aka haihi maganar. Ba wanda ya kawo mani ita. Shekara goma sha biyu kina gabana, ban taɓa kama ki da abin kunya ba, amma layi huɗu suka isa in yanke maki hukunci. Ko tambaya ban yi ba. Ki yahe mani. In ba ki iyawa yanzu, zan jira.

Ban cika arba'in ba, amma na hita. Na goya Kausar na tahi gidan Kawu, Gwaggo na bina tana faɗan iska za ta shige ni. Na ba shi takardar. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa, ya kai ƙarshe ya koma wajen yarinyar nan Tekna ya sake karantawa. Ya ce maganar kwaso ki ta mutu. Ya ce in gaya maki shi ma ya taɓa dukan wani yaro a shagonshi kan abin da bai yi ba, har yau in sun haɗu shi ke fara kawar da kai. Ya ce kada ki bari naki ya kwana shekaru haka.

Daga nan na bi gidaje biyar da na san maganar ta shiga. Kowane gida na ce masu ni na ƙaga, ni na yi kuskuren karatu, ƙanwata ƙuraje ne ke damunta. Wasu sun ji kunya tare da ni. Wasu sun ce to madalla, da irin muryar da kika sani. Ba zan ɓoye maki ba, ban iya kwashe ta duka ba. Mai gida da ya ji, bai ce komi ba sai, «Da kin tambaye ni, da na ce ki tambaye ta.»

Gwaggo ta kawo shawara, wai ki je likita su ba ki takardar shaida cewa ba ki da komi, a nuna ma masu shakka. Na ce zan rubuta maki, ke za ki zaɓa.

Amma likita kam ki je, don huskar. Ki bar wannan man na kasuwa. Kuma batun hukunci, ban yarda ba. Ni ba malama ba ce, amma tun kina koleji na lura duk lokacin da jarrabawa ta matso sai goshinki ya hito da su, in an yi hutu su kwanta. Ban taɓa faɗa maki ba don kada ki tsargu. Ki gaya ma likita wannan.

Yayarki mai jin kunyarki,
Mansura


Rijiyar Amiru
19 ga Maris

Yaya Mansura,

Assalamu alaikum. Ina fata kin gama wanka lahiya, Kausar da yayyenta suna cikin ƙoshin lahiya. A gaida mai gida da Gwaggo da Kawu. Na daɗe ban amsa ba. Wannan karon ba motar Agali ba ce, ni ce. Na so sai zuciyata ta sauka, don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Na je likita kamar yadda kika ce. Na iske wata ma'aikaciya, Madam Dela, babbar mace mai sanyin magana. Ta sa na cire ƙyallen, ta duba, ba ta yamutsa huska ba. Na nuna mata man, ta ce irin shi yana kwantar da ƙuraje kwana kaɗan sannan ya tada su da ƙarhi, ya kuma cinye fata. Sai ta tambaye ni yaushe suka fara, yaushe suka hi tsanani. Na ce ban riƙe ba. Ta ce in tuna da abin da ke faruwa a aiki. Muka bi wata-wata: satin da na fara shiga aji, satin da konseye ya zo na kuma bugi Tekna, satin takardunki. Kowane ɗaya, bayan ƴan kwanaki huskar ta tashi. Na gaya mata abin da kika ce na koleji, ta yi dariya ta ce yayarki ta riga ni.

Ta ce ba ƙazanta ba ce, ba kuma hukunci ba. Wai wanda fatarshi ke da halin yin ƙuraje, in damuwa ta yi mashi yawa ga rashin barci, jiki yana sa fatar ta ƙara maiƙo da kumburi, ƙurajen su tsananta. Sai mutum ya dubi madubi damuwar ta ƙaru, su ma su ƙaru. Ta rubuta mani magani, ta ce wanka huska sau biyu ya isa, in bar matsewa, in ba shi wata biyu kahin in yanke ƙauna. Sannan ta ce maganinta rabin aiki ne, sauran rabin yana wajen abin da ke hana ni barci. Ban san yadda aka yi ba, na gaya mata komi.

Tana jin Tamashek. Ranar Lahadi ta raka ni har rugar su Tekna. Ta koya mani kalmomin ban haƙuri a hanya, na yi ta maimaitawa. Da muka isa na durƙusa gaban uwar da ɗiyar na faɗe su, huskata a buɗe. Na faɗe su a karkace har matan suka yi dariya, amma sun gane. Tekna ta ɓuya bayan uwarta. Ba ta dawo lakwal ba sai bayan kwana tara. Yanzu tana zama can baya, ba ta yarda ta matso kusa da ni ba tukuna, kuma ba ni matsa mata. Uwar takan zo ta koya mani sunayen abubuwa, ina rubutawa. Yara goma sha ɗaya sun iya harahi biyar. Kaɗan ne, na sani.

Huskar ta yi sauƙi, ba ta warke ba. Sababbi sun ragu, amma akwai tabo baƙi-baƙi a kumatu da Madam Dela ta ce za su daɗe. Na bar sa ƙyalle a aji. Yaran sun kalle ni kwana biyu, suka manta.

Batun takardar shaida, ki ce ma Gwaggo na gode, ba ni kawowa. Ban yi abin da zan nemi shaida ba.

Batun yahiya kuma. Na yi hushi da ke ƙwarai, har yanzu akwai saura. Amma na sake karanta takardarki ta farko da hankali kwance. Kina cikin jego, kin ɗauka na jawo maki abin kunya mahi girma, kuma abin da ya zo maki shi ne ki ba jaririn nononki ki ɗauki ƙaryar a kanki. Ban san yadda zan riƙe hushi da wannan a hannu ɗaya ba. Na yahe maki. Ke ma ki yahe mani wata biyar da na yi ina ce maki lahiya lau.

Ranar Juma'a mai zuwa za a ba mu hutu, zan biyo Agali. Ranar kasuwar Dakoro ce, gari zai cika, na sani, da gangan na zaɓe ta. Ki zo tasha da kanki, kada ki aiko kowa, kada kuma ki nemo mana mai moto. In na sauko ki dube ni sosai, kada ki kawar da ido don tausayi. Sannan ki ba ni Kausar in goya, mu ratsa tsakiyar kasuwa a ƙasa har gida, muna gaida duk wanda muka sani.

Ƙanwarki,
Hamdiya